Hawan Dutse da Jirgin Ƙasa, Saukowa da Keke: Amsoshin Tambayoyin Mutanen Damagaram

Tun dawowata daga hutun da na yi a ƙasar Suwizalan, wadda mu a Nijar muka fi sani da Suwis, babu majalisar da zan zauna, a Birni ko a Zango, da ba za a tayar mini da zancen jirgin ƙasan da ke hawa dutse da keken da na sauko da shi ba. Wasu tambayoyin na ƴan uwa ne, wasu na abokan aiki, wasu kuma na yaranmu da ke karatu a Turai, waɗanda wurin bai yi musu nisa ba. Na tattara waɗanda aka fi maimaitawa, na amsa su a nan gwargwadon abin da na gani da idona.

Wane jirgi ne wannan, kuma a wane yanki yake?

Layin dogon Bernina ne, a jihar Graubünden da ke kudu maso gabashin Suwizalan, kuma kamfanin Rhätische Bahn ne yake gudanar da shi. Ya tashi daga garin St. Moritz, ya ƙetare tsaunukan Alp, ya sauka garin Tirano na ƙasar Italiya, tafiyar kilomita 61. An kammala shi a 1910, wato shekara guda kafin layin dogo ya isa Kano, kuma tun daga ranar farko da wutar lantarki yake tafiya. A 2008 hukumar UNESCO ta sanya shi, tare da layin Albula da ke haɗe da shi, cikin jerin kayan tarihin duniya. Wanda ya ɗauko tafiyar tun daga birnin Chur har zuwa Tirano zai yi kilomita 144 cikin kusan awa 4, ya bi ta kan gadoji 196, ya ratsa ramuka 55 da aka fasa cikin dutse.

Yaya jirgi mai ƙafar ƙarfe yake hawa dutse ba ya zamewa baya?

Ƙanena, wanda direban babbar mota ne tsakanin Damagaram da Agadas, shi ya fara yi mini wannan tambaya, kuma tana kan hanya, domin yawancinmu ba mu taɓa shiga jirgin ƙasa ba. Layin da aka fara shimfiɗawa tsakanin Yamai da Doso a 2014 bai kama jigilar mutane ba, na Kano zuwa Maraɗi kuwa sai a 2021 aka aza harsashinsa.

Dabara biyu ce ake yi. Ta farko ita ce a shimfiɗa ƙarfe na uku mai haƙora a tsakiyar layin, jirgin kuma yana da wata ƙafa mai haƙora da take kama shi, kamar yadda sarƙar keke take kama haƙoranta. Haka jirgin dutsen Rigi yake, wanda aka buɗe a 1871, shi ne na farko irinsa a Turai, haka kuma na dutsen Pilatus da yake hawa mita 48 a cikin kowace tafiyar mita 100 a wurin da ya fi tsayuwa. Dabara ta biyu, wadda Bernina ya bi, ita ce a ƙi tunkarar dutsen kai tsaye, a riƙa zagaye shi ana lanƙwasa, har ya zama hawan bai wuce mita 7 a cikin mita 100 ba. Nauyin jirgin da kamun ƙafarsa a kan ƙarfe su kaɗai suke riƙe shi. Inda wannan dabara ta fi fitowa fili shi ne gadar Brusio, kusa da iyakar Italiya, inda injiniyoyin suka rasa filin da za su tsawaita layin, sai suka gina gada mai baka 9 da ta kewaya kanta kamar gammo, jirgin ya bi ta sama, ya zagayo, ya wuce ta ƙarƙashin inda ya fito. Wanda yake taragon baya yana kallon kan jirgin yana wucewa a ƙasansa.

Tsawon dutsen ya kai na Bagzan?

Ya wuce shi. Ƙololuwar Bagzan a yankin Ayar, wadda babu wurin da ya fi ta tsawo a Nijar, mita 2,022 ce daga saman teku. Tashar Ospizio Bernina, inda layin ya kai ƙarshen hawansa, tana mita 2,253, ke nan mutum yana zaune a kujerar jirgi yana sama da kan Bagzan da mita 200 da ɗoriya. Tirano kuwa tana mita 429, kusan daidai da Damagaram, wadda ba ta kai mita 500 ba. Dutsen da ya ba yankin sunansa, Piz Bernina, mita 4,049 ne, kuma ƙanƙara ba ta barin kansa rani da damina.

Me ake gani a hanya da har zai sa mutum ya kashe kuɗinsa?

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ruwa. Mutumin da ya tashi a garin da aka san wahalar ruwa, ya ga layin jarkoki a bakin famfo tun yana yaro, idan ya ga ruwa yana ɓulɓulowa daga kowane tsagin dutse yana gangarawa ba mai tarewa, dole jikinsa ya yi sanyi ya yi tasbihi.

Bayan an bar garin Pontresina, jirgin yana yin wata babbar kwana inda ake hangen Morteratsch, wato wani daskararren kogin ƙanƙara da ya kwanta tsakanin duwatsu yana narkewa ta bakinsa. Can sama kuma layin yana bin gefen tafkin Lago Bianco, wanda ruwansa ya yi fari-fari saboda garin dutsen da ƙanƙara take niƙawa tana zubowa cikinsa. A nan ruwan yankin yake rabuwa biyu: wanda ya gangara kudu yana shiga kogin Po ya faɗa tekun Adiriyatik, wanda ya gangara arewa kuma yana bin kogin Inn da na Danub har Bahar Aswad. Daga nan sai tashar Alp Grüm mai tsawon mita 2,091, wadda hanyar mota ba ta zuwa, inda ake tsayawa a leƙa kwarin Poschiavo a ƙasa, gidajensa sun ƙanƙance kamar an watsa tsaba. Ba a yi awa biyu ba daga nan mutum yana Tirano cikin zafi, yana cire rigar sanyi.

Kowane jirgi ne yake ɗaukar keke?

A'a. Akwai jirgin masu yawon buɗe ido da ake kira Bernina Express, mai manyan tagogin gilashi har rufi, wanda sai an kama kujera tun da wuri an biya ƙarin kuɗi, kuma ba shi ne na mai keke ba. Mai keke jirgin gama-gari yake shiga, wanda yake bin layi ɗaya da wancan, yana tsayawa a ƙananan tashoshi, yana kuma da wurin rataye kekuna. Keken yana da tikitinsa daban da na mai shi. A ganina jirgin gama-garin ya ma fi daɗi, domin mutum yana iya sauka inda ya ga dama, ya zaga, ya jira na gaba.

Daga ina ake fara gangarowa, kuma tafiyar ta kai nawa?

Ana sauka a Ospizio Bernina, a ɗan hau kaɗan zuwa hanyar kwalta, wadda ƙololuwarta take kusan mita 2,330. Daga nan zuwa garin Poschiavo tafiyar kimanin kilomita 18 ce, kamar daga Damagaram zuwa Mirya, amma a cikin wannan ɗan nisan mutum zai sauko mita 1,300. Wanda yake da sauran ƙarfi yana iya zarcewa ta gefen tafkin Poschiavo da Brusio har Tirano. Akwai kuma hanyar ƙasa da ta bi ta Alp Grüm da Cavaglia cikin duwatsu da saiwoyin itatuwa, amma wannan ta ƙwararru ce masu keken dutse, kuma ba zan ba baƙo shawarar ya fara da ita ba. A lura cewa kudu da ƙololuwar, hanyar kwalta da layin dogo kowa da kwarin da ya bi, don haka wanda ya sauko da keke ta kwalta bai ga Alp Grüm ba sai ya koma sama da jirgin daga Poschiavo.

Tun ina yaro nake tuƙa keke. Wannan bai isa ba?

Wannan ita ce tambayar da ta sa na zauna rubutun nan, kuma amsarta ita ce bai isa ba. Keken da muka koya a Damagaram na ƙarfin ƙafa ne. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, rairayi ya yi yawa, mutum yana daina taka feda keken yake tsayawa da kansa, shi ya sa za ka ga yaro ya yi shekara yana yawo da keken da ba shi da birki ko ɗaya, idan zai tsaya sai ya ja takalminsa a ƙasa. A kan dutse al'amarin juyewa yake yi. Jirgi ya riga ya yi maka aikin ƙafa, nauyinka ne yake jan ka, kuma idan ka saki keken na ɗan lokaci kaɗan zai kai gudun babur ɗin kabu-kabu a kan kwalta, a hanyar da kwana take biye da kwana, gefe ɗaya dutse, gefe ɗaya rami. Duk aikin ya koma hannu da ido da kuma iya hana kai abin da rai yake so, domin gudun yana da daɗi, iska tana kaɗa ka, hanya ta yi santsi, zuciya tana cewa a ƙara.

Ni ma da wannan tunanin na je, na cewa na iya keke. Tun daga sama na damƙe birki biyun ban saki ba, saboda tsoron gudun da na gani, kuma kafin in yi rabin hanya yatsuna sun sage, kamun birkin ya fara rauni, ina jin ƙaurin wani abu yana ƙonewa. Allah ya taimake ni na sami fili a gefen hanya na tsaya. Wani dattijo da yake hawowa da nasa keken ya tsaya kusa da ni, ya hana ni taɓa faifan birkin, ya nuna mini da hannu yadda ake kamawa a saki. Ba mu jin harshen juna, amma abin da ya koya mini a wannan tsayuwar shi ya sauko da ni lafiya.

To yaya ake kama birkin yadda ya dace?

Birki yana tsayar da keke ne ta hanyar mayar da gudu zafi. Idan aka riƙe shi ba saki, zafin yana taruwa a faifan ko a ƙarfen da taya take zaune a kai, har robar birkin ta daina kamawa, a wani keken ma tayar tana iya fashewa. Abin da ake yi shi ne a kama da ƙarfi na ɗan lokaci har gudun ya ragu sosai, a saki ya sha iska, a sake kamawa. Ana rage gudu ne kafin a shiga kwana, tun keken yana miƙe, domin kama birki da ƙarfi a tsakiyar kwana shi yake sa taya ta zame. Birkin gaba ya fi na baya ƙarfin tsayarwa nesa ba kusa ba, amma wanda ya fizge shi farat ɗaya zai wuntsila ta kan keken, don haka ana kama su tare, a matsa jiki baya a kan sirdi. A cikin kwana a ɗaga fedar da take ɓangaren ciki don kada ta daki ƙasa, ido kuma ya kalli inda ake so a fita, domin keke yana bin inda ido ya nufa.

Kafin a bar shagon haya a tambaya wane hannu ne na gaba. A yawancin kekunan can hannun hagu ne na gaba, dama na baya, amma a gwada a fili tukuna. A kuma tsaya a huta bayan kowane ƴan kilomita, ko da ba a gaji ba, don hannu da birki su huce. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Ban da gudu, me kuma ake tsoro a hanyar?

Hanyar ba ta mai keke kaɗai ba ce. Motoci da babura da manyan motocin safa duk suna bin ta, ana tuƙi ta hannun dama kamar a Nijar, kuma inda hanya ta matse mai saukowa ne yake ba mai hawowa hanya. Abin da baƙo ba ya zato shi ne a ƙauyen Le Prese da kuma cikin Tirano jirgin yana shigowa kan titi ya bi tare da motoci. Ƙarfen layin yana da tsagi da yake iya haɗiye tayar keke, saboda haka ba a binsa a tsaye, ƙetare shi ake yi a gicciye, musamman idan an yi ruwa. A makiyayar sama kuma akwai shanu masu ƙararrawa a wuya. Mu da muka saba da garke ba za mu tsorata ba, amma saniya mai ɗan maraƙi halinta ɗaya ne ko'ina, a ba ta wuri. Siririyar wayar da aka kewaye makiyayar da ita akwai wuta a jikinta, duk ƙofar da ka buɗe kuma ka rufe ta bayan ka wuce.

Wane lokaci ya fi dacewa, kuma me za a sa?

Daga Yuni zuwa Satumba, wanda ya yi daidai da daminarmu da babban hutun makaranta. Jirgin yana aiki duk shekara, amma keke a lokacin dusar ƙanƙara ba zance ba ne. Ko a Yuli sama akwai sanyi, domin duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi, ga iskar gudu, ga shi kuma mai saukowa ba ya motsa jiki balle ya yi gumi. Sanyin hunturunmu na watan Janairu bai shirya mutum ga wannan ba. A ɗauki riga mai tare iska, da safar hannu, domin yatsun da suka daskare ba sa kama birki, da tabarau. Dokar ƙasar ba ta tilasta hular kwano ga mai keke na gama-gari ba, amma ni ba zan yarda ɗana ya sauko ba tare da ita ba. Babbar riga da wando mai faɗin ƙafa a ajiye su a masauki, saboda sarƙa. A fara saukowa da hantsi, domin hadarin dutse ya fi tasowa da yamma.

Akwai wanda lafiyarsa ba ta yarda ya hau ba?

Akwai, kuma wannan ya shafe mu fiye da Turawa. A tsawon mita 2,250 iskar da mutum yake samu a kowane numfashi ba ta wuce kashi uku cikin huɗu da ɗan ɗori na wadda ake samu a bakin teku ba. Mai lafiya ɗan haki kawai zai ji idan ya yi sauri. Mai ciwon sikila kuwa ƙarancin iska da sanyi da ƙishirwa duk suna iya tayar masa da ciwon, har wanda yake ɗauke da rabin jinin ma tsawo yana iya taɓa masa saifa. Irin waɗannan, da masu ciwon zuciya ko hawan jini da mata masu juna biyu, su nemi shawarar masu aikin lafiya tun a gida kafin a sayi tikiti.

Hajiya yayata ta tambaya: mata da yara da tsofaffi fa?

Yaya, jirgin na kowa ne, na ga tsofaffi da sanda da jarirai a cikinsa. Saukowa da keke daga ƙololuwa kuwa ba na yara ba ne, domin hannunsu ba zai jure riƙon birki na tsawon wannan hanya ba. Mace da ta iya keke babu abin da zai hana ta, sai dai ta ɗaure mayafinta sosai a ƙarƙashin hular kwano, kada wani gefe ya riƙa lilo kusa da taya. Iyali suna iya rabuwa a Ospizio Bernina, masu keke su bi kwalta, sauran su ci gaba da jirgi, a haɗu a tashar Poschiavo.

Yaya batun salla da abinci?

Matafiyi yana da sauƙin ƙasaru, kuma wuri mai tsabta ba ya wuya a gefen tasha ko bakin tafki. Alƙibla daga can kudu maso gabas take, ba gabas da ɗan karkata arewa kamar a Damagaram ba. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, agogonsu kuma a wannan lokacin yana gaban namu da awa 1. Ruwan famfunan da suke kwarara a tsakiyar ƙauyuka ana sha, sai wanda aka rubuta hani a jikinsa. Naman alade yana shiga abincinsu da yawa, har cikin miyar sha'ir, don haka a tambaya kafin a ci. Abincin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne pizzoccheri, wata taliya ce mai duhu da ake dafawa da dankalin Turawa da kabeji da cuku da man shanu.

Waɗanne takardu ake bukata, kuma da wane kuɗi da wane harshe ake mu'amala?

Suwizalan ba ta cikin Tarayyar Turai, amma tun 2008 tana cikin yankin Shengen, don haka biza ɗaya ta isa shiga ita da Italiya. Tun watan Yunin 2024 kuɗin bizar babba yuro 90 ne, kimanin jika 59 na sefa, kuma ana neman inshorar lafiya da za ta ɗauki aƙalla yuro 30,000, wato kusan sefa miliyan 20. A karanta takardar inshorar da kyau, a tabbata ta haɗa da haɗarin keke a kan dutse, domin ɗauko mutum da jirgi mai saukar ungulu yana da tsadar gaske. Fasfo ya kasance a jiki ranar da za a ƙetara Tirano. Kuɗin Suwizalan faran ɗinsu ne na kansu, na Italiya kuwa yuro, ƙasar kuma tana da tsada ƙwarai, shi ya sa wasu suke kwana a Tirano, wadda jirgi yake zuwa daga Milan cikin kusan awa biyu da rabi, su hau dutsen da safe.

Faransancin da muka dogara da shi ba shi ne harshen wannan jiha ba. Jamusanci da Romanshi ake yi a arewacin dutsen, Italiyanci a Poschiavo da Brusio, sai dai ma'aikatan tasha da na masauki da yawa suna jin Faransanci ko Turancin Ingilishi.

Idan mutum ya gaji a hanya, ko wani abu ya faru fa?

Tsakanin ƙololuwa da kwarin Poschiavo hanyar kwalta ta yi nesa da layin dogo, saboda haka wanda hannunsa ya gaza a wannan yankin ya sauka ya tura keken a gefen hanya har ya huce. Daga Poschiavo zuwa ƙasa kuwa tashoshi suna kusa da juna, ana iya komawa jirgi a kowace. A ajiye lambobi uku a waya kafin a tashi: 112 ta gaggawa da take aiki a ƙasashen biyu, 144 ta motar ɗaukar marasa lafiya a Suwizalan, da 1414 ta Rega, masu ceto da jirgi mai saukar ungulu. A cika wayar da caji, a gaya wa mai masauki hanyar da za a bi da lokacin da ake sa ran dawowa, a kuma duba lokacin jirgin ƙarshe idan keken na haya ne da za a mayar a ɗaya gefen dutsen.